Yadda za ka gyara rubutunka na Turanci idan kana ba da labarin abin da ya wuce

Tambayar da ɗalibai suka fi yawan aiko mini ita ce: na san abin da nake so in faɗa, na san kalmomin, amma idan malam ya dawo mini da takardata sai in tarar da ita ja-wur, ina matsalar take? Mafi yawan masu wannan tambaya suna shirin WAEC ko NECO ne, wasu kuma ma'aikata ne da ake sa su rubuta rahoton abin da ya faru a wurin aiki. Idan ka duba takardunsu za ka ga jan biron ya taru ne a wurare huɗu: aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, wakilin suna, ƙananan kalmomin nan irin su *in*, *on* da *at* waɗanda malaman Turanci ke kira *preposition*, sai kuma bayanau, wato *adverb*, kalmomin da ke bayyana yadda aka yi aiki. Shawarata ita ce kada ka nemi gyara su duka a karatu ɗaya. Ka bi rubutun sau huɗu, kowane zagaye da abin da kake farauta, kuma a jere kamar yadda zan kawo.

Abin ya shafi makinka kai tsaye. A insha'in WAEC ana son kalmomi kamar 450, maki 50 ne, kuma 10 daga ciki na tsabtar rubutu ne, wato nahawu da ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Kurakurai 20 sun cinye wannan kason ƙarƙaf.

Kayan aiki

Kundin rubutu guda biyu, ɗaya na insha'i, ɗaya ƙarami na tara kurakuranka. Biro baƙi ko shuɗi, da ja. Sai ƙamus na masu koyon Turanci, wanda ke kawo misalin jimla ƙarƙashin kowace kalma. Sabo yana da tsada, amma ana samun na hannu wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Kafin ka biya ka duba ko jerin aikatau marasa bin ƙa'ida, wato waɗanda ba sa ɗaukar *-ed*, yana nan a ƙarshensa, domin shafukan baya ne ke fara yagewa. In ba hali, ƙamusun Oxford da na Cambridge suna kan intanet kyauta, data kawai za ka kashe.

1. Rubuta labarin tukuna, kana tsallake layi

Zaɓi abin da ya faru da kai da gaske: tafiya, biki, ranar da aka kwantar da wani naka a asibiti. Rubuta shi kai tsaye ba tare da ka tsaya gyara ba, kana barin layi ɗaya fili tsakanin layuka domin jan biro ya samu wuri. Ga irin abin da ke fitowa a zubin farko, da shi za mu yi aiki:

*On last Friday, me and my brother we go to Rigasa station. Before we reach to the station, the train she have left. We did not knew what to do. My brother he speak with anger to the driver who he delay us, and they abuse themselves. We wait since two hours and return to home lately.*

Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya gane labarin sarai, domin Hausa ce aka sa wa rigar Turanci. Wanda ya rubuta ba daƙiƙi ba ne, tsarin harshensa ne ke bin sa, kuma wannan abu ne mai gyaruwa.

2. Ja layi ƙarƙashin kowane aikatau

Wannan matakin ya fi kowanne cin lokaci, kuma shi ya kamata ka fara da shi, domin kusan kowace jimla tana da aikatau. Dalilin da ya sa muke faɗuwa a nan shi ne a Hausa aikatau ba ya ɗauke da lokaci. Muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. *Tafi* yana nan yadda yake, kalmar da ke gabansa ce ke sauyawa. Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ake taɓawa. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta *yesterday he go* ransa bai ba shi komai ba, tunda a ganinsa *yesterday* ta riga ta gama bayani.

Bayan ka ja layin, ka yi wa kowane aikatau tambaya: mai ɗaukar *-ed* ne ko mai sauya kama?

Masu ɗaukar *-ed* su ne mafi yawa, sai dai ka kula da rubutunsu. *Stop* da *plan* suna ninka harafin ƙarshe, su koma *stopped* da *planned*. *Carry* da *study* suna mai da *y* ta zama *i*: *carried*, *studied*. Amma *play* da *enjoy* ba sa yin haka, saboda wasali ne ke gaban *y* ɗin: *played*, *enjoyed*.

Hattara: abin da baki bai furta ba, hannu ba ya rubutawa. Harshenmu bai saba da tarin baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, sai mu haɗiye ƙarshen *walked* da *asked*, a takarda ma su fito *walk* da *ask*. Ka koyi furucin uku: sautin t a *walked*, sautin d a *played*, sautin id a *wanted*. Irin wannan yana fitowa a takardar furuci ma, ka ga riba biyu ke nan.

Masu sauya kama ba su da wata dabara sai hadda, amma kada ka haddace su bisa jerin a, b, c yadda ƙamus ya kawo su. Ka tara su dangi-dangi, kana ɗaukar dangi ɗaya a rana. Akwai waɗanda ba sa motsi ko kaɗan: *cut, put, hit, shut, cost, hurt, spread, burst*. Babu *cutted*, babu *bursted*. Akwai dangin *bought, brought, thought, fought*, da 'yan'uwansu biyu masu *a*, wato *taught* da *caught*. Akwai dangin *begin, began, begun*, irin su *drink, sing, ring, swim*. Akwai dangin *knew, grew, threw, blew, flew, drew*. Sai 'yan tagwaye masu rikita mutum: *fall* ya koma *fell*, *feel* ya koma *felt*, *lose* ya koma *lost*, kuma ba shi da alaƙa da *loose*.

Ga ƙa'ida ɗaya da ya kamata ka rubuta a bangon kundinka: idan *did* ta shigo, aikatau ya koma asalinsa. *Did* ta riga ta ɗauki nauyin lokacin. *We did not know*, ba *knew* ba. *Did you see him?*, ba *saw* ba. Haka abin yake bayan *could*, *would* da *to*: *I could not sleep*, *I wanted to go*.

Daga nan sai ka duba jerin abubuwan da suka faru. Idan abu biyu sun wuce amma ɗaya ya riga ɗaya, wanda ya riga shi ke ɗaukar *had* da siga ta uku ta aikatau, irin *begun* a jerin *begin, began, begun*. Inda a Hausa za ka ce "ya riga ya", to a nan ne gurbinta. Kafin mu isa tasha jirgin ya riga ya tashi: *Before we reached the station, the train had left.* Idan kuma abu yana cikin faruwa wani ya katse shi, *was* ko *were* ne da *-ing*. Ina karatu aka ɗauke wuta: *I was reading when the power went off.* A nan ma Hausa tana ja mu, domin "yana" da "ina" suna aiki ga yanzu da kuma da, sai ka ga an rubuta *yesterday I am reading*.

Hattara: *have* da *has* ba sa zama jimla ɗaya da ƙayyadadden lokacin da ya wuce. *I have seen him yesterday* kuskure ne, ka ce *I saw him yesterday*. Duk inda ka ga *yesterday*, *last week*, *ago* ko shekara irin *in 2019*, ka cire *have*.

Abu na ƙarshe a wannan zagaye: idan kana kawo maganar wani a cikin labari ba tare da alamar zance ba, ita ma tana ja da baya. *He said he was tired*, *she told me she would come*. Ɗalibai da yawa suna fara insha'i da kyau a shuɗaɗɗen lokaci, da sun kai sakin layi na uku labari ya yi daɗi sai su zame zuwa yanzu. Ka fi sa ido a tsakiyar rubutu.

3. Zagaye kowane wakilin suna

Yanzu ka koma farko, ka yi da'ira kan kowane *he, she, it, they, we, me, them, who*. Abu biyar za ka duba.

Na farko, maimaita mai aiki. A Hausa dole ne mu ce "Audu ya zo", ba a cewa "Audu zo". Turanci ba ya son wannan "ya" ɗin idan suna yana nan. *My brother spoke*, ba *my brother he spoke* ba. Duk inda ka ga wakilin suna ya biyo bayan suna kai tsaye, ka soke shi. Ɗan'uwan wannan kuskure yana ɓoye a cikin dogayen jimloli. Muna cewa "yaron da na gan shi", sai a rubuta *the boy that I saw him*. *Him* ba ta da wuri a nan: *the boy that I saw*, *the driver who delayed us*.

Na biyu, jinsi. Mu da muke da "ya" da "ta" ba mu cika rikita *he* da *she* ga mutane ba, wannan alheri ne. Matsalarmu ita ce muna ba wa abubuwa jinsi: mota ta lalace, makaranta ta tashi. A Turanci duk *it* ne.

Na uku, jam'in girmamawa. Da yawanmu ba ma iya cewa "Baba ya dawo", sai "Baba sun dawo", kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma idan ka rubuta *my father they came back*, mai dubawa zai ɗauka mutane da yawa kake nufi ko kuma ba ka san ƙa'ida ba. Mahaifi *he* ne, mahaifiya *she* ce, kuma babu rashin ladabi a ciki.

Na huɗu, "ni da wane". Turanci yana sa mai magana a ƙarshe: *my brother and I went*. Idan kana shakkar *I* ko *me*, ka rufe sunan ɗayan da yatsa ka karanta. *I went* daidai ne, *me went* ba daidai ba. *The teacher called my brother and me* daidai ne, domin *called me* ake cewa. Bayan *between* kuma kullum *me* ce: *between you and me*.

Na biyar, *themselves* da *each other*. A nan Hausa ce za ta taimake ka, domin muna da bambancin a bakinmu. Inda za ka ce "juna", *each other* ne. Inda za ka ce "kansu", *themselves* ne. Sun zagi juna daban, sun zagi kansu daban.

Hattara: "an" ɗinmu ba *they* ba ce. "An sace wayata" ya fi kyau a ce *my phone was stolen*. Idan ka rubuta *they stole my phone*, mai karatu zai koma baya yana neman su waye. Kuma ka raba *its* da *it's*, ka raba *their* da *there*. Idan *it is* ba ta shiga gurbin ba, to kada ka sa waƙafin sama.

4. Bi ƙananan kalmomi ɗaya bayan ɗaya

Wannan zagaye ne mafi buƙatar ƙamus. Kalmarmu "a" ita kaɗai tana aikin *in*, *on* da *at*: a Kano, a tebur, a ƙofa. Don haka kunne ba zai taimake ka ba sai ka koyi tsarin.

Fara da lokaci, daga ƙarami zuwa babba. Ƙarfe nawa, *at*: *at four o'clock*. Rana ko kwanan wata, *on*: *on Friday*, *on 1st October 1960*. Wata ko shekara, *in*: *in October*, *in 1960*. Ana cewa *in the morning*, *in the evening*, amma *at night*. Idan kuma sunan rana ya shigo sai a koma *on*: *on Friday morning*. Gaban *last*, *next*, *this*, *every* da *yesterday* ba a sa komai. *Last Friday* kawai, kuma "jiya da dare" *last night* ne.

Wuri ma kusan haka yake. Gari, jiha, ƙasa ko cikin ɗaki, *in*: *in Kaduna*, *in the room*. Bisa abu ko kan titi, *on*: *on the mat*, *on Zoo Road*. Takamaiman wuri, *at*: *at the gate*, *at the station*. Abin hawa yana da nasa: *in a car*, amma *on a bus*, *on a train*, *on a motorcycle*. Idan hanyar tafiya kake nufi, *by train*, *by bus*, sai *on foot*.

*Since* tana tafiya da mafarin lokaci, daidai da "tun": *since 2020*, *since morning*. *For* tana tafiya da tsawon lokaci: *for two hours*, *for three years*.

Yanzu ga inda aka fi asarar maki. Akwai aikatau da ba sa son kowace ƙaramar kalma a bayansu, amma mun saba jin ana liƙa musu a rediyo da ofisoshi har abin ya zauna mana a kunne. Ka rubuta su a shafin farko na ƙaramin kundinka: *discuss* ba ta ɗaukar *about*, *reach* ba ta ɗaukar *to*, *emphasise* ba ta ɗaukar *on*, *comprise* ba ta ɗaukar *of*, *request* idan aikatau ce ba ta ɗaukar *for*, kuma *he entered the room* ake cewa, ba *entered inside* ba. *Home* ma ba ta son *to* bayan *go*, *come* ko *return*: *we returned home*.

A shafi na biyu ka sa waɗanda ba sa tafiya sai da abokin tafiyarsu: *listen to*, *wait for*, *reply to*, *depend on*, *insist on*, *congratulate someone on*, *accuse someone of*, *prevent someone from*, *good at*, *afraid of*, *interested in*, *married to*. *Arrive* tana ɗaukar *at* ga ƙaramin wuri, *in* ga gari, ba ta ɗaukar *to*. *Prefer* kuma da *to* take tafiya, ba *than* ba: *I prefer tea to coffee*. Kada ka haddace su tsirara. Ka gina wa kowace jimla ɗaya daga rayuwarka, da sunan unguwarku da na abokanka, ta fi zama.

Hattara: aikatau da ya biyo bayan waɗannan ƙananan kalmomi yana ɗaukar *-ing*, ko da labarin ya wuce. *After eating*, *without greeting us*, *he insisted on paying*. Wannan ya haɗa da rufe wasiƙa da kowa ya sani: *I look forward to hearing from you*, ba *to hear* ba.

5. Duba bayanau: siffarsa da mazauninsa

Wannan ya fi sauƙi. Mu muna cewa "da sauri", "da fushi", "a hankali". Turanci yakan ƙara *-ly* ne: *quickly*, *angrily*, *slowly*. *With anger* ba laifi ba ce a nahawu, amma *angrily* ta fi dacewa da labari. *Good* siffa ce, bayanaunta *well*: *she cooked well*.

Akwai kalmomin da ba sa sauyawa, irin su *fast*, *hard* da *late*, kuma biyu daga cikinsu suna da tarko. *He worked hard* na nufin ya yi aiki tuƙuru. *He hardly worked* na nufin da ƙyar ya taɓuka komai. *We came late* mun makara ke nan. *Lately* kuwa "kwanan nan" ce. *Severally*, wadda ake yawan ji a Najeriya da nufin "sau da yawa", ba haka take nufi a ƙamus ba, ka rubuta *several times*.

Batun mazauni, abu uku sun ishe ka. Kada ka raba aikatau da abin da aikin ya faɗa wa: *he speaks English well*, *I like football very much*. Kalmomin yawan faruwa irin *always*, *often*, *never* suna zuwa gaban aikatau amma bayan *was* da *were*: *he always came early*, *he was always late*. Idan kuma bayanau sun taru, jerinsu shi ne yadda, ina, yaushe: *we waited quietly at the gate yesterday*.

Hattara: *too* ba "sosai" ba ce, "ya wuce kima" ce. Idan ka rubuta wa wanda ya karɓi baƙuncinka *the food was too much* ko *your house is too big*, ƙorafi ka yi ba yabo ba. *Very* kake nema.

Ga sakin layinmu bayan zagaye huɗu:

*Last Friday, my brother and I went to Rigasa station. Before we reached the station, the train had left. We did not know what to do. My brother spoke angrily to the driver who had delayed us, and they insulted each other. We waited for two hours and returned home late.*

6. Kwafe, karanta da murya, ka tara kurakuranka

Sake rubuta insha'in tsaf a sabon shafi, ka karanta shi a bayyane kana furta ƙarshen kowace kalma. Sannan ka buɗe ƙaramin kundin ka raba shafi gida biyu, abin da ka rubuta a hagu, gyaransa a dama. Bayan insha'i biyar ko shida za ka lura kurakuranka ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne ke ta dawowa. Su za ka riƙa dubawa kafin kowane sabon rubutu. In kana da abokin karatu ku riƙa musayar takardu, domin ido ya fi ganin kuskuren wani.

Kada ka miƙa wa manhajar waya rubutunka ta gyara kafin ka yi naka zagayen. Ka gama tukuna, sannan ka gwada da nata ka ga abin da ya kuɓuce maka. A zauren jarrabawa ba ta tare da kai.

7. Yadda za ka yi a zauren jarrabawa

WAEC tana ba da shawarar kashe kimanin minti 50 kan insha'i. Ka ware minti 5 na tsara abin da za ka faɗa, 35 na rubutu, 10 na gyara. A can babu jan biro kuma babu damar sake kwafewa, don haka zagaye biyu za ka yi: na farko aikatau kaɗai, na biyu sauran ukun tare, kana mai da hankali ga kurakuran nan naka da ka riga ka sani daga kundinka. Idan ka ga kuskure ka ja masa layi ɗaya, ka rubuta gyaran a samansa yadda zai karantu. Idan kuma wata doguwar jimla ta rikice maka har ba ka san ina za ka kama ba, ka soke ta ka raba ta gida biyu gajeru.